Likitan da Ke Buɗe Ƙirji Ba a Shekara Shida Ake Yin Sa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da zai ɗan zarce abin da aka saba, domin in yi magana a kan wani rukuni na likitoci da mu mutanen karkara ba mu san da zamansu ba sai ranar da larura ta tsayar da mu a ƙofarsu, wato masu buɗe ƙirji su cire ciwon dajin huhu ko na maƙoshi, hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Ni ba likita ba ne. Malamin asibiti ne, na yi shekara talatin da ɗoriya a ƙananan asibitocin ƙauyukan Ringim da Taura kafin in ajiye aiki, kuma abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga jinyar ɗan'uwana, da tambayoyin da na riƙa damun likitansa da su, da karatun da na shiga yi bayan an share makoki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata hira da aka yi a gabana a kasuwar Gujungu, inda wani dattijo yake murnar cewa yaran da aka tura karatun likita ƙasashen waje sun fara dawowa, don haka, a cewarsa, mun kusa hutawa da jigilar marasa lafiya zuwa birni neman babban likita. Na taya shi murna, domin abin murna ne, amma ban samu sararin yi masa bayanin cewa yaron da ya dawo da digirin likita bai yi ko rabin tafiyar da ake yi kafin a miƙa wa mutum wuƙa a ce ya buɗe ƙirjin wani ba. Wannan zato ba na dattijon kaɗai ba ne, ina jin sa a bakin masu riƙe da muƙamai, ina kuma ganin sa a yadda ake tsara tallafin karatu.

Yayana, wanda muke ciki ɗaya, manomin gero da riɗi ne, sai dai a ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Legas, kuma a kan wannan hanya ya koyi shan sigari, bai rabu da ita ba sai da ya haura shekara hamsin. Bayan an gama kaka ya fara wani tari, kowa ya ce ƙurar sussuka ce da sanyin hunturu, aka bi shi da citta da kanumfari da zuma. Da tarin ya wuce mako uku, aka kuma fara ganin ɗigon jini a kakinsa, na kai shi aka yi masa gwajin tarin fuka da na'urar GeneXpert, wadda ke ba da sakamako cikin kimanin awa biyu, ba a ga ƙwayar cutar ba. Hoton ƙirji kuwa ya nuna wani tabo a saman huhun hagu, daidai wurin da tarin fuka ya fi son zama, saboda haka aka ɗora shi a kan maganin wata shida. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, domin ni da kaina na goyi bayan hakan, kuma da ni ne a kan kujerar abin da zan yi ke nan, tunda a ƙasar da tarin fuka ya yi katutu, maganinsa kuma kyauta ne, mai tari da rama da jini a kaki galibi shi ke damunsa. Inda na yi sakaci shi ne bayan wata biyu. Duk wanda ya yi aiki da masu tarin fuka ya san cewa idan cutar ce, a wannan lokaci mutum zai fara cin abinci, zazzaɓin dare ya sauka, jiki ya fara dawowa. Yaya kuwa sai ƙara zubewa yake yi, muryarsa ta dishe ba tare da mura ba, kawunan yatsunsa suka kumbura, faratan suka lanƙwashe. Na ga waɗannan alamu da idona, amma na ce mu ƙarasa maganin tukuna. Sai a wata na biyar muka kama hanyar birni.

A wani asibitin koyarwa aka yi masa hoton siti, wanda ke nuna cikin ƙirji falle-falle, aka zura masa siririn bututu mai fitila da kyamara har cikin hanyoyin iska, aka tsinko ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Da sakamako ya fito aka ce ciwon daji ne, aka haɗa mu da likitan tiyatar ƙirji. Mutum ne mai magana a hankali, yana kiran yayana Baba, ni kuma da ya ji aikin da na yi sai ya riƙa ce mini Malam, yana amsa tambayoyina ba tare da ƙosawa ba. Wata rana da layi ya yi sauƙi na ce masa, ranka ya daɗe, shekara nawa mutum ke yi kafin ya zauna a kan wannan kujera? Ya yi murmushi ya ce in riƙa ƙirgawa da yatsu.

Shekara shida a jami'a, idan ba a yi yajin aiki ba, kuma kowa ya tuna cewa na 2022 ya cinye wata takwas cur. Daga nan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, inda sabon likita ke zagaya sashen tiyata da na manya da na yara da na haihuwa kafin hukumar likitoci ta ƙasa ta ba shi cikakken lasisi, sannan shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. A nan ne mutanenmu ke cewa ɗanmu ya gama, alhali a nan yake ɗaura ɗamara. Mai son zama likitan tiyata sai ya ci jarrabawar share fage a kan ƙirar jikin ɗan Adam da yadda yake aiki da yadda cuta ke ɓata shi, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin kwalejoji biyu, ko Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ke komawa ga wata ƙungiya da aka kafa a Ibadan a 1960. Cin jarrabawar bai ba shi gurbi ba, wani sai ya shekara ɗaya ko biyu yana jiran a buɗe ɗaukar masu neman horo a asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Idan Allah ya sa ya samu, zai yi shekara biyu zuwa uku yana zagaya sassan tiyata, na ciki da na ƙashi da na mafitsara da na ƙananan yara da na haɗurra, yana kwana a asibiti, yana rubuta kowane aiki da ya kalla ko ya taimaka ko ya yi da hannunsa a wani littafi da babban likita ke sa wa hannu. Sai wata jarrabawar, wadda maimaita ta ba abin kunya ba ne. Bayanta ne zai zaɓi fannin zuciya da ƙirji, domin a tsarinmu tare ake koyar da su, ya ƙara shekara uku zuwa huɗu, ya rubuta kundin bincike a kan marasa lafiyar da ya bibiya da kansa, ya kare shi a gaban dattawan fannin. Wanda ya ƙuduri aniyar tsayawa a kan ciwon daji, ko yake son ƙwarewa a aikin kyamara, galibi sai ya sake fita shekara ɗaya ko biyu zuwa wata cibiya a Indiya ko Masar ko Afirka ta Kudu ko Turai, inda ake yin irin wannan aiki kullum. Da na haɗa lissafin sai na samu tsakanin shekara goma sha biyar da goma sha tara daga ranar shiga jami'a. Tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin a gidan wanzamai ma yaro yakan daɗe yana ɗaukar zabira da wasa aska kafin a yarda ya yi wa jariri aski, balle a bar masa kaciya. Bambancin kawai shi ne ɗan wanzami yana cin tuwon gidansu yayin da yake koyo, shi kuwa wannan yana biyan kuɗin jarrabawa da na tafiye-tafiye da na haya daga albashin da iyali ke jira.

Na shiga wurinsa da zaton cewa ƙwarewar likitan tiyata duk a hannu take, na fito da sanin cewa babban rabonta yana cikin hukuncin da yake yankewa kafin ya wanke hannu. Tambaya ta farko da yake nema wa amsa ita ce wane irin daji ne. Kimanin kashi 15 cikin 100 na ciwon dajin huhu wani iri ne mai ƙananan ƙwayoyi da saurin yaɗuwa, wanda ba kasafai wuƙa ke amfani a kansa ba, sauran kashi 85 ɗin ne ake duba yiwuwar cirewa. Ta biyu, ina ya kai. Akwai wani ma'auni da likitan Faransa Pierre Denoix ya assasa a shekarun 1940, ana kuma sabunta shi lokaci zuwa lokaci, wanda ke duba girman ƙarin, da ko ya shiga kaluluwar da ke kewaye, da ko ya tsallaka zuwa wata gaɓa, sannan a sanya mara lafiya a mataki na ɗaya zuwa na huɗu. A nan ne ya yi mini bayanin dishewar muryar da na raina. Jijiyar da ke motsa ɓangaren hagu na akwatin murya ba kai tsaye take zuwa ba, tana sauka cikin ƙirji ta zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya sannan ta koma sama, saboda haka idan mai ƙari a huhun hagu ya dishe, sau da yawa alama ce ta cewa cutar ta isa tsakiyar ƙirji. Tambaya ta uku ita ce ko jikin zai ɗauka. Huhun dama ɓangare uku gare shi, na hagu biyu, kuma kafin a raba mutum da ɗaya daga ciki sai an sa shi ya busa iska da ƙarfi cikin wata na'ura an auna, a lissafa abin da zai rage masa. Inda aka so ƙarin tabbaci akan sa shi ya hau bene, likita na biye da shi yana duba numfashinsa da bugun zuciyarsa. Duk wannan ba shi kaɗai yake yanke shi ba, suna zama da likitan hoto da mai duba nama a madubin gwaji da likitan magungunan daji, su tattauna kowane mara lafiya ɗaya bayan ɗaya.

Yayana ruwa ya riga ya taru tsakanin huhunsa da bangon ƙirji, da aka zuƙo aka duba aka ga ƙwayoyin cutar a ciki, wanda ke nufin mataki na huɗu. Likitan ya ce ba zai yi masa tiyata ba. Na roƙe shi, na ce za mu sayar da shanun huɗa da gonar fadama. Ya ce mini, Malam, ku riƙe gonarku, domin idan ya buɗe Baba zai cire abin da ido ke gani ya bar abin da ya riga ya bazu, ya kuma karɓe masa ɗan ƙarfin da zai yi sauran kwanakinsa da shi. A ranar na ji haushinsa, yau kuwa ina ganin babu inda shekarun horonsa suka fi bayyana kamar a wannan ƙin da ya yi. Abin da ya yi shi ne ya sa bututu ya janye ruwan, ya zuba wata hoda ta musamman da ke manne huhu da bangon ƙirji don kada ruwan ya samu wurin sake taruwa, ya miƙa mu ga masu maganin daji da masu rage raɗaɗi. Yaya ya samu wata huɗu yana numfashi ba tare da haki ba, yana zama a zaure, yana zuwa masallacin ƙofar gida da ƙafarsa, har Allah ya karɓi abinsa.

A nan zan ɗan tsaya a kan maganar da aka yi ta faɗa mana a ƙauye, cewa daji ba ya son ƙarfe, duk wanda aka taɓa da wuƙa ko allura to an tsokano masa ajali. Na fahimci inda maganar ta samo asali. Mutanenmu ba sa isa wurin likita sai cuta ta gama cin jiki, a tsinki nama don gwaji, bayan 'yan makonni mutum ya rasu, sai a ce ƙarfen ne. Jinkirin da ya gabaci ƙarfen ba wanda yake lissafa shi. Ciwon dajin huhun da aka kama a mataki na ɗaya, tiyata ce babbar hanyar warkewa daga gare shi.

Ga wanda ya zo da wuri, aikin da kansa abin al'ajabi ne. Ana kwantar da mutum a gefensa, likitan sa barci ya saka masa bututu mai hanya biyu, ya tsayar da huhun da za a yi wa aiki ya bar ɗayan yana numfashi shi kaɗai. Ana shiga ta tsakanin haƙarƙari, ko da dogon yanka, ko kuma ta ƙananan huji da kyamara, dabarar da ta fara yaɗuwa a farkon shekarun 1990. Wurin da ya fi haɗari shi ne jijiyar da ke kai jini huhu, domin bangonta siriri ne, kuma duk jinin da zuciya ke turawa, kimanin lita biyar a minti ɗaya, ta huhu yake bi, don haka ƙaramar yagewa tana iya cika ƙirji da jini kafin a ƙifta ido. Bayan an ɗaure jijiyoyi an yanke hanyar iska an rufe ta, an kwashe kaluluwar tsakiyar ƙirji don gwaji, sai a zuba ruwa a hura huhun a duba ko kumfa na tashi, kamar yadda mai faci ke tsoma tib a ruwa yana neman huji. Mara lafiya zai farka da bututu a gefensa wanda ya nutse cikin kwalba mai ruwa a ƙasan gado, kuma idan wani mai jinya da bai sani ba ya ɗaga kwalbar sama da ƙirji, ruwan zai koma ciki. Na kawo wannan ne don a gane cewa likitan nan bai isa shi kaɗai ba. Idan babu mai sa barci da ya iya aikin huhu ɗaya, da ma'aikatan jinya da suka san kwalbar nan, da ɗakin kulawa ta musamman, da jini a ajiye, da lantarki da ba ya ɗaukewa, to shekarunsa goma sha bakwai a aljihunsa za su zauna.

Abin da na gano a karatuna shi ne, kusan duk wata ƙa'ida da ya bi a kan yayana, wasu likitocin tiyata ne suka zauna suka ƙirga marasa lafiyarsu kafin ta zama ƙa'ida. Har farkon ƙarni na 20 ƙirji wuri ne da ake tsoron buɗewa, domin da zarar iskar waje ta shiga sai huhu ya sace kamar tayar da ƙusa ta huda. A 1904 Ferdinand Sauerbruch na Jamus ya gina wani ɗaki da ake rage iskar cikinsa, jikin mara lafiya da likitoci suna ciki, kansa yana waje. Dabarar ba ta ɗore ba, wadda ta ɗore ita ce tura iska ta bututu a maƙogwaro, har zuwa 1949 da Eric Carlens na Suwidin ya fito da bututun nan mai hanya biyu. A 1913 Franz Torek ya cire wa wata mata ciwon dajin maƙoshi a birnin New York, ta rayu shekara 13 bayan haka.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Evarts Graham na birnin St. Louis a Amurka. A 1933 ya cire wa wani mutum huhun hagu ɗungurungum saboda ciwon daji, karo na farko da aka yi hakan a zama ɗaya aka yi nasara. Mara lafiyar shi ma likita ne, kuma ya ƙara shekara 30 a duniya. Graham mashayin sigari ne, da farko bai gamsu cewa ita ke kawo cutar ba, amma da wani ɗalibin likita mai suna Ernst Wynder ya zo masa da shawarar a bincika, ya buɗe masa ƙofa. A 1950 suka wallafa abin da suka samu daga mutum 684 masu ciwon dajin huhu, wanda ya nuna alaƙar cutar da sigari, a shekarar da Richard Doll da Bradford Hill suka fito da makamancin sakamakon a Ingila. Graham ya bar sigari, amma a 1957 ciwon dajin huhun ne ya zama ajalinsa, mutumin da ya yi wa tiyata kuma yana raye. Ina ganin girman mutumin a yadda ya bar ɗalibi ya gwada abin da ya saɓa wa ra'ayinsa da ɗabi'arsa, sannan ya sa sunansa a kan sakamakon.

Binciken bai tsaya ba, yana ma warware abin da ya ɗaure a baya. A 1995 wani rukunin likitoci a Amurka da Kanada ya nuna cewa idan aka yanke ɗan yanki kawai maimakon ɓangaren huhu gaba ɗaya, dawowar cutar a wurin takan ninka kusan sau uku, aka yi shekaru ana bin wannan. Da hoton siti ya fara gano ƙananan ƙari tun suna ƙwaya, likitocin Japan suka sake gwadawa a kan mutum 1,106, suka wallafa a 2022 cewa ga ƙarin da bai wuce santimita biyu ba kuma yake gefen huhu, cire yanki ya wadatar. Ma'ana, wanda ya gama horo a 2010 ya rufe littafi, yau yana iya cire wa mutum huhun da ya kamata a bar masa.

To mu ina namu binciken? A 2011 aka wallafa wani babban gwaji a Amurka a kan mutum fiye da 53,000, wanda ya nuna cewa yin hoton siti mai ƙarancin haske duk shekara ya rage mutuwa daga ciwon dajin huhu da kashi 20 cikin 100. Amma waɗanda aka gwada masu shekara 55 zuwa 74 ne da suka daɗe suna shan sigari da yawa, a ƙasar da tarin fuka ba ya barin tabo a huhun jama'a kamar yadda yake bari a nan. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sigari ba, amma ta shekara hamsin tana hura wutar itace da kara a madafin da ba shi da taga, ba ta cikin wannan lissafi, haka mai fasa dutse da ke shaƙar ƙurarsa, alhali hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya ƙurar dutse cikin abubuwan da ke haddasa cutar, hayaƙin itace a cikin gida kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna haddasa ta. A 2004 aka gano wani sauyi a ƙwayar halitta da ake kira EGFR, wanda masu shi ke amsa wani magani na haɗiya, aka kuma ga ya fi yawa nesa ba kusa ba a mutanen gabashin Asiya fiye da Turawa. Idan al'umma da al'umma sun bambanta haka, to sai an tara naman da aka cire daga marasa lafiyarmu an gwada kafin a san wane magani ya kamata gwamnati ta fi saye, kuma likitan tiyata ne ke riƙe da wannan nama da tarihin mai shi.

Kada a ce bincike sai mai dukiya. Denis Burkitt likitan tiyata ne a Yuganda, da lura da kumburin muƙamuƙin yara ya bayyana a 1958 wani ciwon daji da har yau ake kira da sunansa, daga baya kuma ya aika takardun tambaya zuwa asibitocin Afirka don gano inda cutar ta fi yawa. A kusa da mu ma, likita Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya zauna a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980 yana ɗinkin yoyon fitsari, yana rubuta bayanin kowace mace da ya yi wa aiki, har dubbai suka taru, daga wannan rubutu ya fitar da hanyar rarraba larurar, ya kuma horar da likitoci masu yawa. Littafi da alƙalami da naci ne jarin farko. Abin da likitan yayana ya rasa shi ne lokaci, domin shi ne mai ciro gyaɗar da ta faɗa wa yaro hanyar iska, shi ne mai janye mugunya daga ƙirji, shi ne mai gyaran maƙoshin yaron da ya sha sodar sabulu, shi ake tasa da dare idan an yi haɗari a hanya.

Saboda haka ina kira ga gwamnatocin Kano da Jigawa da kada tallafinsu ya tsaya a ranar da aka yi bikin rantsar da sabon likita. A zaɓi waɗanda suka nuna sha'awar wannan fanni tun suna hidimar ƙasa, a ɗauki nauyin shekarun horonsu da jarrabawarsu da fitarsu waje bisa yarjejeniyar dawowa, a kuma horar da mai sa barci da ma'aikatan jinya tare da su, a tanadi kayan aiki kafin su sauka, domin likitan da ya dawo ya tarar ba abin da zai yi aiki da shi, Saudiyya da Ingila suna nan suna jiransa. A ware masa rana guda a mako ta bincike, da ma'aikacin da zai riƙe masa rajista ya riƙa kiran iyalai a waya don a san wanda ya rayu da wanda ya rasu. Ga abokan aikina na ƙananan asibitoci kuwa, roƙona bai buƙatar kasafin kuɗi. Duk wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka ba tare da an ga ƙwayar cutar a kakinsa ba, idan wata biyu ta cika bai murmure ba, musamman in ya haura shekara arba'in, a rubuta masa takardar turawa gaba a ranar, kada a jira wata shida ta cika kamar yadda na so in yi.

Bayan sadakar arba'in na koma asibitin da na yi aiki na ƙarshe, na roƙi wanda ya gaje ni muka buɗe rajistar masu tarin fuka muka bi ta layi-layi. Mun samu mutum uku da suka dace da wannan siffa. Biyu maza ne, sun tafi da kansu. Ta ukun wata tsohuwa ce mai tuyar ƙosai a bakin tasha, 'ya'yanta suna ɗari-ɗari saboda maganar ƙarfe, sai da na zauna da babban ɗanta sau biyu kafin ya amince. An yi mata hoton siti a makon jiya, kuma ranar Talata mai zuwa, in Allah ya kai mu, ni zan raka su wurin likitan.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarka,
Wani tsohon malamin asibiti,
daga ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa.